Wasa Biyu Ranar Salla

Har yau ban manta da ranar ƙaramar Sallar da munka buɗe ɗakin wasan Isufu Shofer a bayan tashar Malanville ba. Ku da kuke gyaran salula yanzu, kuna ɗaukar wasa ɗari a tafin hannu, za ku yi dariya in na ce maku akwatin da ke ɗauke da wasa uku kacal sai da ƙarti sunka taru kafin su sauke shi daga mota. Amma a cikin akwatin nan na ga abin da ya gyara mini zama a wannan sana'a, shi ya sa nake son ku ji.

Ƙarshen shekarun mulkin soja ne, lokacin da in ka shiga ofis kowa kamarad ake ce mashi, wato abokin gwagwarmaya, albashin ma'aikata kuma ya fara makara. Kasuwarmu dai ba ta tsaya ba. Albasa da shinkafa na fitowa daga Garu, manyan motoci na haurowa daga Paraku suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, kafin su ƙetare gada zuwa Gaya. Ni a lokacin na riga na gama zama aparanti, wato ɗan koyo, an yi mini bikin yayewa, na yi aure har da ɗiya. Amma ban buɗe shagona ba, na zauna ƙarƙashin maigidana ina aiki a matsayin babban ma'aikacinshi. Sunanshi Kojo, mutumin kudu ne, Kirista, mu dai Patoro muke ce mashi, wato maigida. Rediyo da tele, wato talabijin, muke gyarawa, wani lokaci mu ja waya a sabon gida. Patoro ya fi jin Dandanci bisa Hausa, in ya yi fushi kuma sai Faransanci ya ƙwace mashi.

Wadda ta kira mu aikin ita ce Inna Gambi, dillaliyar albasa, mace mai murya, wadda ko 'yan dako ba su jayayya da ita. Isufu ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗin sunanshi, Shofer take ce mashi. Da direban babbar mota ne, Paraku zuwa Dosso. Ya yi haɗari a hanyar Kandi, anka yanke mashi ƙafar dama daga gwiwa, abokin tuƙinshi Musa kuma ya rasu. Tun da ya fito asibiti bai ƙara zama da mutane ba. Shina kan tabarma a zaure, sandunanshi a gefe, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Uwar ta rasa yadda za ta yi da shi. Sai wani ɗan kasuwa abokin cinikinta, Alhaji Bawa mutumin Kamba, ya ba ta labarin akwatin wasa da ya gani a Kwatano cikin kayan da jirgin ruwa ke kawowa, yara na jefa kuɗi suna wasa, mai shi kuwa zama kawai yake. Ta ce wanga aikin mai ƙafa ɗaya ne. Ta sa ya sawo mata, ta kama ɗaki a bayan tasha.

Ranar da kaya sunka iso, Alhaji ya jona da kanshi. Hoto ya fito, mutane sunka yi kabbara. Ba a jima ba wari ya tashi kamar ana ƙona roba, Inna Gambi ta kai hannu ga ƙofar ƙarfen da ake jefa kuɗi, wuta ta fizge ta har ta zubar da goron da ke hannunta. Nan ne anka aiko a kira mu.

Bari in kwatanta maku akwatin, don ban ga alamar waninku ya taɓa buɗe irinshi ba. Na katako ne, ya fi mutum tsawo. Sama akwai tele, ƙasanta sandar tuƙi da maɓallai. Ciki kuma, a jikin bango, an ɗaure farantai uku na lantarki ɗaya bisa ɗaya, kowane faranti wasa guda ne: na sama jiragen yaƙi, na tsakiya ƙwallo, na ƙasa karate. Farantin nan bai cin wutar gari kai tsaye. Akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da muke kira alim, shi ke karɓar wutar gari ya rage ta zuwa bolt biyar da bolt sha biyu ya ba faranti. To, alim ɗin da ke ciki an yi shi ne don faranti ɗaya. Wanda ya harhaɗa kayan a Kwatano ya rataya mashi duka ukun a lokaci guda, da 'yan siraran wayoyi, an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta daga jikin ƙarfe, an datse ta tun daga filogi.

Patoro ya daɗe shina kallo, hannu a ƙugu. Sannan ya juya ga Inna Gambi.

"Inna, wanga ba akwati ba ne, murhu ne. Yara za su jingina da shi da zufa, ƙafa ba takalmi. In kina so, in kwance komi in sake. In ba ki so, ki kira wani."

"Kafin Salla za a gama?" ta tambaya.

"In Allah ya yarda, kuma in kuran ya yarda," in ji shi, don wutar gari a lokacin tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama.

Azumi munka yi muna aikin nan, daga safe zuwa la'asar. Patoro bai azumi, amma ban taɓa ganin ya kai ruwa baki a gabanmu ba, sai ya zagaya bayan ɗaki. Inna Gambi ta sa ana ɗauko Isufu a kabu-kabu kowace safiya a aje shi ƙofar ɗakin, wai ya ga dukiyarshi. Sai ya juya mana baya shina kallon motocin tasha.

Abu na farko da munka yi shi ne sauke wutar da ke kwance cikin tele, don kwalbar tele tana riƙe wuta ko an cire filogi, kuma tana iya jefar da ƙato. Daga nan munka cire tsoffin wayoyi duka. Inda wutar gari ke shiga, Patoro ya sa makunni da fizibil, wato 'yar kwalbar nan mai siririn zare a ciki, wadda ke tsinkewa in wuta ta wuce kima. Turansfon da ke raba tele da wutar gari munka gwada shi, munka tarar lafiya, munka bar shi inda yake. Don bolt biyar ya sa na sawo waya mai kauri, ya ce siririya tana shanye wuta a hanya, ta yi zafi, faranti ya ji yunwa. Sannan ya fito da wani makunni mai juyawa da ya ciro daga tsohuwar rediyon gidan waya, ya haɗa shi yadda in ka juya zuwa wasa ɗaya, sauran biyun ba su samun wuta sam. Kowane faranti kuma ya ba shi nashi fizibil a hanyarshi. Ni aikina in riƙe ma'auni a bakin faranti, ba a bakin alim ba, in faɗa mashi abin da allura ta nuna, shi kuma shina murɗawa a hankali har ta tsaya inda yake so.

Ranar da munka zo kan wayar ƙasa ne Isufu ya fara magana. Patoro na yi mini bayani da Hausarshi mai ɗingishi cewa duk ƙarfen da hannun yaro zai taɓa, ƙofar kuɗi, farantin maɓallai, har da ƙarfen da ke riƙe tele, a ɗaure su da waya guda a kai ta ƙasa. Baƙaƙen wayoyin farantai kuma su haɗu wuri ɗaya, shi ne mas.

Sai munka ji murya daga ƙofa, ko juyowa bai yi ba: "Kamar a mota ke nan. Mas ga shasi yake, ƙarfen jikin mota."

Patoro ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Shofer, matso ka ga ko na yi daidai."

Bai matso ranar ba. Amma washegari da anka sauke shi, cikin ɗaki ya ce a shimfiɗa mashi. Da munka haƙa rami a bayan ɗaki, inda mai tuwon tasha ke zubar da ruwan wanke-wanke don ƙasar wurin ba ta saurin bushewa, munka kafa doguwar sandar ƙarfe munka zuba gawayi da gishiri, shi ya riƙe wayar ta taga shina tambayar amfanin gishirin. Kafin ƙarshen azumi ya san kowane fizibil da farantinshi. Patoro ya ce mashi, "Kai za ka zauna da shi, ba ni ba. Dokarka ɗaya: ka kashe kafin ka juya wasa." Jajibirin Salla munka gwada wasa ukun, kowane ya tashi lafiya, alim ɗumi kawai ya yi.

Ranar Salla Patoro bai nan. An kira shi Kandi gyaran tele a gidan wani babban ma'aikaci, ya tafi tun da safe, ya bar mini jakar kayan aiki ya ce in tsaya a buɗe. Da munka sauko daga idi na tarar yara sun cika bayan tasha, kowa da sabuwar riga da goron Sallarshi a hannu, har daga Garu wasu sunka zo bisa keke. Labarin karate ya riga ya zaga gari, shi kowa ke nema. Inna Gambi ta sha ado, Alhaji Bawa ya zo da babbar riga shina karɓar gaisuwa kamar shi ya ƙera akwatin. Isufu na kan kujera da sabuwar hula, karo na farko da na gan shi ya yi aski tun da na san shi.

Inna Gambi ta ce a turo akwatin kusa da ƙofa don na waje su gani. Munka turo shi, munka ƙara tsawon wayar ƙasa, na duba ta ɗauru. Jirage sunka tashi. Ƙwallo ta tashi. Isufu ya kashe, ya juya zuwa karate, ya kunna. Tele ta yi baƙi ƙirin.

Na buɗe baya, na ga fizibil ɗin farantin ƙasa ya ƙone. Na ce ƙila tsufa ne, na sa wani. Ko ƙiftawar ido bai yi ba ya bi ɗan'uwanshi. Na ɗora ma'auni, allura ta nuna mini wuta na haɗuwa da mas a wani wuri cikin farantin. Ina ne, ban sani ba. Gano shi sai an kwance faranti an bi shi a natse, ba cikin wannan hayaniya ba.

"Inna," na ce, "a buɗe da biyu. Na ukun sai bayan Salla."

"Wane irin biyu? Hamidu, gari duka na ce masu uku. Ka ji abin da suke kira a waje?"

Gaskiya ana jin su, "Karate! Karate!" suna buga ƙyauren kwano.

Alhaji Bawa ya leƙa cikin akwatin, ya yi murmushi. Ya aika anka samo mashi kwalin taba, ya zare takardar nan mai walƙiya ta ciki, ya fara naɗe ƙonannen fizibil ɗin da ita.

"Mai wuta, wanga ai ƙaramin abu ne. Haka ake yi ko'ina, na gani da idona. Ka sa wannan a yi Salla, in maigidanka ya dawo ya gyara."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan sa ba. In anka sa wannan, ba abin da zai tsinke. Waya ce za ta yi ja, akwatin kuwa katako ne, ɗakin ƙofa ɗaya gare shi."

"Kwana ɗaya ne fa."

"Ɗana," in ji Inna Gambi, muryarta ta sauka, "ba don kuɗi ba. Ka dube shi. Yau ne kawai na gan shi kamar mutum. Kada ranar ta lalace."

Ku gane matsayina. Alhaji ya isa ya haife ni, Inna Gambi ita ce mai kaya, Patoro na Kandi. Na ƙi, amma ƙin nawa bai da nauyin da zai hana Alhaji tura abin nan da hannunshi, kuma har ya duƙa zai yi. Sai sandar Isufu ta sauka bisa ƙofar bayan akwatin da ƙarfi, kaɗan ya rage ta sami yatsun Alhaji.

"Baba Alhaji, aje shi."

Sannan Isufu ya juya ga uwarshi.

"Inna, kin san mi ya ci ƙafata?"

"Ƙaddara, Shofer."

"Takardar taba ce." Ya nuna takardar da ke hannun Alhaji. "A Kandi fizibil ɗin mota ya yi ta ƙonewa. Musa ya ce mu kwana a nemo inda ciwon yake. Na ce kaya na jira, gobe kasuwa. Wani makanike a bakin hanya ya naɗe mana shi kamar yadda Baba ya yi yanzu, ina tsaye ina ce mashi ya yi sauri. Rana tsaka muna gangarowa, hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari, ya cika gaban mota, ban ga hanya ba. Musa na ƙoƙarin fizge wayoyi da hannunshi sa'ad da munka faɗa rami." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ɗiyan Musa biyu na cikin yaran nan. Na gan su tun ɗazu."

Ba wanda ya taɓa jin wannan labari, ko jandarmomin da sunka yi bincike. Inna Gambi ta nemi benci ta zauna, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Ta ce, "Ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Ban iya ba, Inna."

Alhaji Bawa ya miƙe a hankali. Ya kwance takardar, ya dunƙule ta ya sa aljihu. Ya ce, "Allah ya jiƙan Musa. Ka yafe mini, ɗana, ban sani ba." Ya juya gare ni: "Mai wuta, yi yadda ka ce."

Na cire wayoyin farantin ƙasa gaba ɗaya, na naɗe bakinsu. Inna Gambi ta share fuska, ta gyara ɗaurin kallabi, ta buɗe ƙyaure. Da muryar nan tata ta kasuwar albasa ta gaya masu da Dandanci, ta maimaita da Hausa, cewa yau wasa biyu ne, mai karate ya tafi yawon Salla, wanda bai so ya koma gida. Yara sunka yi gunaguni, amma ko ɗaya bai tafi ba. Isufu ya kira ɗiyan Musa ya sa su gaban layi, ya ɗora hannun ƙaramin bisa sandar tuƙi ya nuna mashi yadda ake kauce wa harbi. Har la'asar sakaliya ɗakin bai huta ba. Ni ina tsugune a baya, ina taɓa alim lokaci-lokaci, ina jin ihunsu ta cikin katako.

Bayan Salla, kafin Patoro ya dawo, Isufu ya ce mu kwance farantin mu biyu. Ya sauka ƙasa, ya ce shi da ke zaune ya fi ni ganin can ciki. Ina sassauta kusoshi shina haska tocila, sai ya ce in tsaya. Ya zura yatsu bayan farantin ya zaro wani kwabo na ƙasar waje mai huji a tsakiya. Wa ya san shekarar da ya faɗa cikin tsagar katakon nan. Turowar da munka yi ranar Salla ce ta gangaro da shi ya kwanta daidai kan layukan wuta. Munka sa sabon fizibil, mai karate ya fito shina tsalle. Isufu ya yi dariya har da riƙe ciki. Da Patoro ya dawo na ba shi labari duka, sai ya tafi ɗakin wasan ya cire hularshi ya ba Isufu hannu.

Alhaji Bawa kuwa, zuwanshi na gaba ya kawo kwalin fizibil cike daga Sakkwato, ya aje bisa akwatin ya wuce kasuwa bai jira godiya ba.

Isufu ya yi shekaru shina riƙe da ɗakin nan, har ya ƙara akwati, ya yi aure da abin da ya samu a ciki. Da rani, in ƙasa ta bushe, kowace safiya za ka gan shi da sanduna da buta shina zagayawa baya ya zuba wa sandar ƙasa ruwa. Direbobi sunka mai da ƙofarshi wurin hira, shi kuma duk wanda ya zauna sai ya tambaye shi mi ke cikin akwatin fizibil ɗin motarshi. Yaran da sunka yi layi ranar nan yanzu wasu duwan ne, wasu 'yan kasuwa, wasu ubanninku ne. Patoro ya koma kudu da tsufa ya zo, can ya rasu. Inna Gambi da Isufu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ɗakin ma an rushe shi da anka faɗaɗa tasha. In na bi ta wurin da yamma nakan rage tafiya, ban san don mi ba.

Abin da na ɗauka a ranar nan shi ne, a sana'armu ba a fushi da fizibil in ya ƙone. Aikinshi ke nan, magana yake yi maka, kai kuma ka tsaya ka nemi dalili. Za a matsa maku, kuma yawancin masu matsawar ba mugaye ba ne, uwa ce mai son ɗanta ya yi murna, ko dattijo mai son ya taimaka. Ku ƙi da ladabi, amma ku ƙi. Kuma kada ku raina mai kaya don ya yi shiru a gefe. Ni da Patoro mun san yadda waya ke zafi a ma'auni, Isufu ya san shi a jikinshi. Ranar da maganata ba ta isa ba, tashi ce ta tsare ɗakin nan da yaran da ke cikinshi.